Ragowar Ƙyallen Tela: Na Wa Ne?

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma mun san akwai waɗanda za su ga taken su yi dariya, su ce duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan an rasa abin rubutu sai tsumma. Ba laifi. A yi dariyar, amma a daure a karanta.

Daren jajiberin ƙaramar Sallar da ta wuce, mun kai har wajen ƙarfe ɗaya a shagon telanmu muna jiran ɗinki. Mu bakwai ne a kan benci, kowa sai cika yake yana batsewa, janareta na ta ruri, keke uku na gudu babu tsayawa. Ƙasan shagon kuwa ba a ganin siminti. Ƙyalle ne ko'ina har ya kusa rufe idon sawu: shadda, atamfa, leshi, yadi, guntun zare, duk a cakuɗe. Can sai maigidan ya ce wa ƙaramin yaron shagon ya share don a samu wurin taka ƙafa. Yaro ya cika buhu ɗaya, ya cika na biyu, a karo na uku babu buhu, sai kawai ya tura sauran da tsintsiya cikin lambatun ƙofar shago. Cikin abin da ya tura har da guntayen shaddarmu mai ruwan sararin samaniya, wadda sai da muka yi wata uku muna tara kuɗinta. Mun gani da idonmu, mun gane ta, ba mu ce uffan ba. Sauran mutum shidan ma babu wanda ya ce.

Da damina ta sauka, layin nan ya cika da ruwa har ya shiga zauren gidaje biyu. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata samari suka fito da shebur suka yashe lambatun. Gaskiya leda da robar lemo su suka fi yawa, ba za mu ɗora wa ƙyalle laifin da ba nasa ba. Amma abin da ya ɗaure su wuri guda ya tare yashi, wani dunƙulen ƙyallaye ne da suka murɗe kamar igiya, kuma launinsu ko dusashewa bai yi ba.

Tun daga ranar muke juya maganar nan a rai. Abin da muka fahimta shi ne, ba dabarar amfani da ƙyalle ce ta ɓace mana ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san gammo, ya san ƙwallon tsumma, ya ga 'yan mata suna yi wa 'yar tsana zani da kallabi, ya ga lagwanin aci-balbal. Abin da ya ɓace shi ne mai shi. Daga lokacin da almakashi ya raba ƙyalle da jikin yadi, ya zama maraya. Mai kaya yana jin kunyar ya tambaya, telan kirki yana tsoron ya taɓa, telan da ba na kirki ba kuma yana ɗauka a ɓoye. Abin da ba a san mai shi ba kuwa, ƙarshensa kwata ko wuta.

Bari mu fara da bangaren da kowa ya fi so, wato kukan da ake yi da teloli. Wata gwaggonmu ta taɓa kai turmin atamfa ɗinki, yadi shida cif kamar yadda ake sayarwa a Kantin Kwari. Aka yi mata riga da zani da ɗankwali, ɗankwalin ma da kyar yake ɗauruwa. Ta yi ƙorafi, tela ya rantse atamfar ce ba ta da faɗi. Bayan sati biyu ta je suna a unguwar, sai ga 'yar telan, yarinya 'yar shekara huɗu, ta shigo da doguwar riga ta wannan atamfar. Gwaggo ba ta yi magana ba. Ta dai sauya tela, kuma har yau in an ambaci mutumin sai ta ce, "Allah Ya isa tsakanina da shi." Kusan kowane gida akwai irin wannan labari, shi ya sa ba ma buƙatar tsawaita shi. Wanda ya matse ɗinkin mutum da gangan don ya fitar da rigar 'yarsa, ba ragowa ya ɗauka ba, yanka ya yi daga dukiyar da aka ba shi amana.

Amma akwai ɗaya bangaren da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damunmu. Ku shiga shagon dattijon tela mai tsoron Allah, ku ɗaga kai sama ko ku leƙa ƙarƙashin teburin yanka. Za ku ga ledoji da buhuna a ɗaure, wasu sun shekara biyu, wasu uku. Ya ji a wa'azi cewa ragowar kayan mutane amana ce, don haka ba zai yi ko aljihu da ita ba. Masu kayan kuma ba su taɓa tambaya ba, wasu ma sun bar garin. Ɓera ya shiga, ƙura ta rufe, shago ya yi masa kaɗan. Ranar da ya gaji sai ya sa yara su kai bayan layi su cinna musu wuta. Ku duba fa: tsoron cin haramun ne ya kai shi ga almubazzaranci. Bai ci ba, mai kaya bai samu ba, maƙwabta kuma sun sha hayaƙi. Malamai sun yi bayani cewa abin da mutane suka saba yafewa a al'ada daban yake da abin da ba sa yafewa. To amma ina iyakar? Tsinken yadi mai faɗin yatsa kowa ya yafe. Rabin yadin shadda babu mai yafewa. Tsakaninsu akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan filin ne tela yake tsaye shi kaɗai yana ta wasi-wasi, alhali mai kayan da zai raba gardamar da kalma ɗaya yana tsaye a gabansa ana gwada masa tsawon hannu.

Mu yi ɗan lissafi, na misali kawai. A ce a kowane turmi kwatan yadi ne ke zubewa a ƙasa, tsakanin yankan wuya, hammata da gefe-gefe. A ce kuma shago ya yanka turmi 100 daga farkon azumi zuwa Sallah, wanda duk mai zuwa shagon mata ya san ba abin mamaki ba ne. Yadi 25 ke nan, fiye da turmi huɗu. Shago ɗaya, Sallah ɗaya. Yanzu ku ƙirga shagunan ɗinkin da ke tsakanin gidanku da bakin titi.

Me ya sa ba ma tambaya? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, girman kai ne. Saurayi ya kai shadda yadi biyar, yana jin in ya ce a ajiye masa ragowa za a ce ya cika maƙo, ko a ce ashe da kyar ya saya. Alhali kuwa da kyar ɗin ya saya. Mun mayar da faci alamar talauci, har yaro in ya ga an yi wa wandonsa faci sai ya ƙi zuwa makaranta. Wannan kunyar sabuwa ce. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi tare da sulke da kwalkwali. Mene ne lifidi in ba yadi ninki-ninki da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki ba? Da shi aka kare doki da mahayinsa daga kibiya, kuma har gobe 'yan lifidi na cikin waɗanda ake rububin kallo a hawan Sallah, da tufafinsu mai gida-gida, ja nan, rawaya can. A Sudan, mabiya Mahadi a shekarun 1880 jibba mai faci suke sawa da gangan, don nuna duniya ba ta dame su ba. A Senegal har yau 'yan Baye Fall da rigar haɗe-haɗe ake gane su. Mu ne dai muka wayi gari muna ganin haɗa ƙyalle da ƙyalle abin kunya.

Kuma kunyar tamu ta munafunci ce. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan da aka gama amfani da su, saboda sanyi da rashin kuɗin sayen sabo. A 2002 aka baje kolin bargunan nan a babban gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan kan sarki. Mu ma nan, in aka ɗauki wannan ƙyallen da yaro ya share, aka haɗa jaka da shi, aka ɗauki hotonta da kyau aka sa a Instagram da suna na Turanci, 'yan matanmu za su tura kuɗi har da na kawowa gida. Ƙyallen bai canza ba. Wanda ya riƙe shi ne ya canza.

To, kada kuma mu zarce da zaƙi. Mun sha ganin rubuce-rubuce masu cewa kowane tsinken yadi dukiya ne, a mayar da shara arziki, da sauransu. Wanda ya taɓa zama a kan keke ya san ba haka abin yake ba. Haɗa guntaye masu girman akwatin ashana har su zama yadi ɗaya aikin yini ne, ga zare, ga guga, ga ciwon baya. Telan da ke da ɗinki 40 a gabansa a goman ƙarshe na azumi, ka ce ya tsaya haɗa ɓarɓashi, ba ka yi masa adalci ba. Haka nan tarurrukan koyar da sana'a na kwana biyu, a tara mata a koya musu sarƙar wuya da ƙyalle, a ɗauki hoto a watse. Bayan wata ɗaya ka tambaya, babu wadda ta sayar da ko guda biyar, kuma babu wadda aka nuna wa inda za ta riƙa samun ƙyallen a kai a kai.

Abin da muke nema daga tela bai kai haka ba. Buhu biyu ne kawai a gefen teburin yanka, ɗaya na auduga, ɗaya na roba. Wannan rabon yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Lokacin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, yawancin abin da ake ɗinkawa auduga ne, in ya faɗi ƙasa ya ruɓe ya bi ƙasa. Masaƙun sun durƙushe, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007, kasuwa ta cika da kayan waje, musamman na ƙasar Sin, kuma da yawansu da zaren roba aka saƙa su ko aka gauraya. Ba a banza mata ke cewa "atamfar roba" ba. Leshi da kayan mayafi da shafin ciki kuwa kusan duk haka suke. Shi ya sa ƙyallen lambatun nan ya fito da launinsa bayan wata da watanni. Gane su ba wuya: a zare ɗan zare a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, da wari irin na leda. Tela ma ba ya buƙatar ashana, hannunsa ya sani. Kuma duk wanda ya gane wannan ya gane cewa ƙona buhun ƙyalle a bayan layi daidai yake da ƙona buhun leda, ga yara na wasa a wurin, ga masu asma a cikin gidaje.

Manyan guntaye, daga tafin hannu zuwa sama, ba su da matsala. Suna shiga aljihu, shafin wuya, lulluɓin maɓalli, hular jariri, jakar Alƙur'ani ta 'yan Islamiyya, zanen gado na haɗe-haɗe. Su ne kuma ya kamata yaron shago ya koyi miƙe layi a kansu, maimakon ranar farko da zai taka keke ya zama a kan kayan mutane. Matan Turai da Amurka masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe suna da wata dabara da za ta yi wa mai koyo amfani: a haɗa guntu biyu, a goge, a daidaita gefe da almakashi, a ƙara na uku, haka-haka har ya zama falle mai kusurwa huɗu. Yaron da ya yi wannan na wata guda, hannunsa zai faɗa.

Rigimar tana wajen ƙananan, waɗanda allura ba ta da wurin kamawa a jikinsu. Su ba ɗinki ne makomarsu ba, cusawa ce. Dukawa suna ɗinka tum-tum na fata su sayar da shi babu komai a ciki, mai saye ya je ya nemi abin cikawa, kuma tum-tum ɗaya yana cinye buhu guda ya nemi ƙari. Nauyin da ke sa ƙyalle ya zama mummunan matashin kai, don yana dunƙulewa ya yi tauri, shi ne ke sa ya zama tum-tum mai kyau. Kada dai a cusa wa filon jariri, kuma matan da ke tunanin ƙunzugu su nemi auduga mai tsabta da aka ware tun daga tebur aka wanke, ba abin da aka sharo daga ƙasa ba.

Amma wanda ya fi burge mu shi ne kwandon girki. A samu babban kwando ko kwali mai ƙarfi, a cika ƙasa da gefensa da ƙyalle mai kauri kamar faɗin tafin hannu, a bar gurbin tukunya a tsakiya, a lulluɓe ciki da yadin auduga, a yi masa murfi da ƙaramin filo. Shinkafa in ta tafasa kamar minti biyar, a sauke da murfinta a rufe a saka a ciki, bayan kamar awa ɗaya ta nuna. Waken da aka jiƙa, a bar shi ya tafasa sosai kamar minti ashirin, sannan ya yi awa uku zuwa huɗu a kwando. Babu siddabaru a ciki. Iskar da ta maƙale a tsakanin ƙyallaye ba ta barin zafi ya fita da sauri, sai abincin ya ƙarasa dahuwa da zafin da ya riga ya ɗauka. Dalilin da bargo ke ɗumama mutum ke nan. A Afirka ta Kudu har kamfani aka kafa a kan wannan dabara, suna sayar da jakar da suke kira Wonderbag. A kula da abu biyu: ƙyallen roba kada ya taɓa gindin tukunya kai tsaye don zai iya narkewa, kuma kada a bar abinci ya kwana a ciki, in ya huce a sake tafasa shi. A wannan zamani da uwar gida ke auna gas da gawayi kamar magani, awa uku na wutar wake ba abin rainawa ba ne.

Saura tambayar wa zai kwasa. Ku lura, yanzu da wuya ka ga guntun ƙarfe ko gwangwanin lemo ya kwana a titi, saboda 'yan gwangwan sun sa musu farashi. Ƙyalle ba shi da mai nema, shi ya sa yaro ya tura shi lambatu. Shawararmu, in masu kaya sun yafe, maigida ya bar wa yaran shago buhun ya zama nasu, su kai wa baduku ko matan unguwa, ko nawa aka ba su su riƙe. Yaron da ya san buhun nan kuɗin karin kumallonsa ne, ba sai an ce masa kada ya zubar ba.

Mun san abin da wasu za su ce, musamman iyayenmu mata da aka taɓa cuta: in aka ce wa tela an bar masa ragowa, ai an ba shi lasisin matse ɗinki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma telan gwaggonmu bai jira izinin kowa ba. Mai yanka yana yanka ko an yafe ko ba a yafe ba, shirunmu ma shi ke rufa masa asiri, don ya san babu mai tambaya. Wanda shirun ke cutarwa shi ne mai amana. Kuma yafewar ba sai ta zama ta gaba ɗaya ba. A ce masa, "Malam, duk abin da ya kai a yi hular yaro da shi a sako min a leda, abin da bai kai ba na yafe." Tela ya rubuta a littafin awo, kusa da lambar waya. In mai kaya ya manta, shi telan ya tambaya, yadda yake tambayar aljihu nawa za a sa. Ƙungiyoyin teloli da ke kusan kowace unguwa za su iya mayar da wannan ƙa'ida a zama ɗaya.

Mun gwada da babbar Sallah. Da muka kai yadi aka gama awo, muka daure muka faɗa, muna jin kamar ƙasa ta tsage mu shige. Telan ya ajiye tef ya dube mu, ya ce, "Ɗan tsaya." Ya hau kan kujera ya sauko da wata leda daga saman silin, ya kakkaɓe ƙura, ya kwance. Ragowar ɗinkinmu ce ta shekara uku, kowace a naɗe daban, har da ta kaftanin da muka sa ranar karɓar sakamakon difloma. Ya ce ya sha niyyar ba mu, yana tsoron kada mu ga kamar ya raina mu ne.

Manyan mun kai wa ƙanwarmu, ta fitar da jakar Islamiyya biyu. Ƙananan ba su isa kwando ba, sai da yaron shagon ya ƙaro mana rabin buhu na waɗanda masu su suka yafe, muka ba shi na shayi. Inna ta yi kwana biyu tana hararar kwandon, tana cewa ita ba ta taɓa ganin inda tsumma ya dafa wake ba. Yanzu in ta sauke tukunya da hantsi, da kanta take cewa a miƙo mata shi daga bayan ƙofa.